Dokar Da Aka Ɗauko A Motar Shanu

Ku da aka ɗauka aiki bana, kada ku zaci ban ji ku ba. Kunnena ɗaya ne ya mutu, ɗayan yana nan garau, kuma shi nake juyawa wajen inuwar dalbejiyar da kuke zama. Na ji ana cewa wai aikin Baba Sule ba aiki ba ne, yawo ne da takarda a hammata. Ka karɓi sammaci a hannun rajistara, ka miƙa wa mai shi, ka dawo ka sha shayi. To, madalla. Wanda ya faɗa ya zo gobe in ba shi guda ɗaya ya kai unguwar Bulabulin. In ya dawo da takalmansa duka biyu, ni zan saya masa shayin.

Sammacin farko da na kai, unguwar Dala ta nan garin aka aike ni. Na sha kakin kotu an goge shi da sitati, hula a karkace, ina tafe ina jin kamar ni ne alƙalin. Na tarar da wani dattijo a ƙofar gida yana gyaran carbi, na yi sallama na ce ina neman gidan wane, sammaci na kawo masa. Dattijon nan ya tashi tsaye don girmama hukuma, ya ba ni ruwa, ya kama hannuna har bakin titi, ya kwatanta mini hanya dalla-dalla, in bi nan, in karya can, in wuce masallaci biyu. Sai da rana ta kusa faɗuwa na gane cewa shi ne mutumin. Da na koma na ba Ba Ari labari, wanda shi ne tsohon masinjan da aka haɗa ni da shi in koyi aiki, ya yi dariya har goro ya sarƙe shi. Da ya samu numfashi ya ce, "Ɗana, ka sha ruwansa?" Na ce na sha. Ya ce, "To, ka ci riba. Ni nawa na farko kare ya sakar mini."

A wajen Ba Ari na koyi cewa kaki na cikin kotu ne. In za ka shiga unguwa, ka sa riga irin ta kowa. Ba a tambayar gidan mutum, ana tambayar inda yake shan shayi, da masallacin da yake sallar asuba, da wanzamin da yake yi masa aski. Kayan aikinmu ba su da yawa: keke, jakar fata mai hana ruwa shiga, ɗan kwalin tawada na dangwala yatsa, da goro. Goron nan ba na ci ba ne, na buɗe baki ne. Tsohuwar da ba ta san kowa ba a layi, in ta ɓara goro sai ta tuna har da sunan kakan mutum. Sai kuma harshe. A garin nan in ka shiga gida da Hausa kaɗai, za a amsa maka da Hausa, a kuma tattauna yadda za a ɓoye mutumin da Barbarci a gabanka. Iyayena daga Kano suka zo, amma a nan aka haife ni, don haka nakan yi shiru kamar ban ji ba, in bar su su gama faɗa mini ɗakin da yake.

Akwai wani mahauci da na je wa sau uku, a na ukun matansa suka ce ai ya rasu. Na ce Allahu akbar, na cire takalmi na zauna a zaure na fara yi masa addu'a. Na ja ta, na ƙara ja, na roƙa masa sauƙin kabari, na lissafo mutanen da ya cuta a kan awon nama ɗaya bayan ɗaya ina roƙon su yafe masa. Ban kai rabi ba mamacin ya ɗaga labule ya ce ƙarya nake yi, shi bai taɓa tauye awo ba. Na ce sannu da dawowa, ga takardarka.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce lokacin da gari ya rikice, aka hana hawa babur. Na riga na bar keke na saba da babur, gwiwa ta manta aikinta, sai ga ni na dawo ƙafa. Wannan ma mai sauƙi ne. Abin da ya kashe aikin shi ne adireshi ya daina nufin komai. Ka je gida ka tarar da mutanen wani gari a ciki, mai gidan kuma ba wanda ya san inda ya nufa. Shaidu sun watse, masu ƙara sun watse. Kuma ba ka isa ka tsaya a layi kana tambayar sunan mutum ba, don ba wanda ya san ko kai wane ne, kai ma ba ka san wa kake tambaya ba. Takardu suka taru a jakata har zip ya lalace. A shekarun nan ne na ga ƙararrakin fyaɗe sun yi yawa a teburin alƙali, kuma su ne takardun da ban taɓa yin wasa da su ba.

Irin wannan ƙara tana da abokan gaba da yawa kafin ta iso kotu. Akwai kunya, akwai dattawan layi masu cewa a rufa asiri a sasanta, akwai maƙwabta masu cewa me ya kai yarinyar can. Duk wanda ya zo kuma, mai ƙara ko dangin wanda ake ƙara, sai ya ja ni gefe ya yi mini tambaya ɗaya: "Baba, lokaci bai wuce ba?" Ɗaya yana tambaya da tsoro, ɗaya da fata. To, ku saurara, don a kan wannan tambayar na yi aikin da ya fi kowane tsaya mini a rai.

Wata mata ce, Ya Falmata, mai sayar da abinci a bakin Kasuwar Shanu, gidanta a Bulabulin. Tana da 'ya, Bintu, yarinya ce da ba ta gama firamare ba, in ta taso makaranta takan taya uwar kai kwanuka rumfunan dillalai. Wani babban dillali, Alhaji Gana, wanda gidansa layi biyu ne tsakaninsa da nasu, ya sa a kai masa abinci ɗakin da yake ajiye dusa. Abin da ya faru a ɗakin ba zan faɗa ba, likita ya rubuta. Ya Falmata ba ta tsaya shawara da kowa ba. A ranar ta kai yarinyar asibiti, daga can ta wuce wajen 'yan sanda da kayan da ke jikin yarinyar a ƙulle a leda. Magana ta iso kotu, alƙali ya ba da takardar kamu, aka haɗa ni da Kofur Yohanna saboda na fi shi sanin kasuwar. Kafin mu isa, Alhaji ya bi motar shanu ya yi kudu.

Kafin ya tafi kuwa sai da ya gyara bayansa. Ya je wajen Goni Modu, tsohon malamin da ke jan sallah a layinsu, ya rantse masa cewa babu abin da ya faru, ko ganin yarinyar bai yi ba a ranar, sharri ne na mai abinci don ya daina saye a wajenta. Goni mutum ne mai gaskiya, irin wanda yake zaton kowa ma haka yake. Ya yarda, layi kuma ya bi shi. Aka daina gaida Ya Falmata. Yara suka sa wa Bintu waƙa. Yarinyar ta shige ɗaki, ta daina makaranta, ta daina leƙa ko tsakar gida. Uwar ta gaya mini ko ruwan alwala sai ta kai mata ciki. Ta ce, "Baba Sule, ni ɗaurin ma bai dame ni ba kamar a ce 'yata ta yi ƙarya."

Na yi ta zarya a kasuwa. Kun san motocin shanu ba sa dawowa wayam, sukan ɗauko manja, goro, katako, duk abin da ya samu. Wata rana ina zaune wajen mai shayi a gefen turken raguna, ga wani direban tirela, Mamman Dogo, ya dawo daga kudu yana ba da labari. Bai san ni ba, rigata irin ta kowa ce.

Ya ce, "Ai Alhaji ya gama da su. A zangon da yake zaune akwai wani akawun lauya da ke zuwa cin tsire, shi ya buɗe masa littafi ya nuna masa. In dai maganar yarinya ce, wata biyu ne daga ranar da abin ya faru. In ya cika, shari'a ta mutu, ko shugaban ƙasa bai isa ya tashe ta ba."

Mai shayi ya ce, "Kai Dogo, ka tabbata?"

Ya ce, "Da idona na ga littafin. Kauri kamar bulo."

Na ajiye shayin nan. Ni masinja ne, ban karanta doka ba, kuma kaurin littafi ya tsorata ni. Na tashi na tari Keke Napep sai ofishin lauyar gwamnati da ke riƙe da maganar, wata matashiya mai gilashi wadda ba ta cika dariya ba. Ranar kuwa sai da ta yi dariya. Ta ce, "Baba, akawun bai yi ƙarya ba, amma bai tambayi Alhaji daga ina ya zo ba. Akwai tsohuwar doka a can wajensu mai irin wannan wa'adi a kan wasu laifuffuka, su ma ana ta ƙorafi a kanta. Amma kowace jiha da kundin da take aiki da shi. Inda aka yi laifi, dokar wurin ce ke hukunci. A namu babu wannan wa'adin a kan fyaɗe. Ko da furfura ya dawo, takardarka tana da rai." Ta ƙara da cewa ko a can ɗin ma ƙarar da ta riga ta shiga ba ta mutuwa. Wato Alhaji ya sayi doka a kasuwar da ba tasa ba, ya loda ta a motar shanu, ya aiko mana.

Labarin ya riga ni isa Bulabulin. Washegari na tarar da Ya Falmata a bakin kotu, ido ya kumbura, ta ce matan layi sun zo har gida suna yi mata jaje na mugunta, wai saura kaɗan ta huta da wahalar zarya. Na zaunar da ita na maimaita mata abin da lauya ta faɗa, da Hausa, na sake da Barbarci don ya zauna. Ta goge fuska da bakin mayafi. Sai ta ce, "Wa da wa suka san wannan?"

Na ce, "Ni da ke da lauya."

Ta ce, "Kofur fa?"

Na ce, "Bai sani ba tukuna."

Ta ce, "To, Baba, mutum ya yi ciniki ya ji daɗin kayansa, mu mene ne namu na ɓata masa rai? A bar shi da dokarsa."

Ni shekaruna a aikin nan sun fi na wasunku a duniya, amma ban taɓa ganin wanda ya iya abin da matar nan ta yi ba. Ta koma unguwa tana kuka a fili, ta tsaya a bakin famfo inda mata suka fi taruwa tana cewa talaka ba shi da gata, lokaci ya ci ta. Ta rufe rumfarta ta kasuwa, ta kwaso tukwanenta ta jingine a tsakar gida. Har ta fara tambayar kuɗin mota zuwa ƙauyensu. Bintu kaɗai ta gaya wa gaskiya, a kunne.

Ni ma na ba da tawa gudummawar, amma ku lura, ban yi ƙarya ba, ma'aikacin kotu ba ya ƙarya. Nishi kawai na yi. Na sa kakina, abin da ban taɓa yi a kasuwa ba, na je na zauna wajen mai shayin nan, na fito da takardar kamun na dube ta, na girgiza kai, na mayar jaka. Wani dillali ya ce, "Baba, yaya aiki?" Na ce, "Kai dai bari, lokaci ba ya jiran kowa." Wannan ai gaskiya ce, ku tambayi duk wanda kuka ga dama. Kofur Yohanna kuwa ba sai an koya masa ba, fuskarsa dama kullum kamar an hana shi albashi take. Na tabbata kafin magariba nishina ya isa kudu ta waya.

Ranar dawowarsa ita ce ba mu sani ba, kuma dillalai ba za su faɗa ba. Tukunya ce ta faɗa. Kun san al'adar layi, in za a yi taro ana bi gida-gida a aro manyan tukwane. Wata maƙwabciya ta shigo wajen Ya Falmata tana sunkuyar da kai, tana kame-kame, ta ce wai ana neman babbar tukunya ranar Asabar, tunda ta ga tata ba ta aiki. Ya Falmata ta ce taron wa? Matar ta ce gidan Alhaji Gana ne, ranar zai dawo, zai yi walimar godiya da saukar Alƙur'ani, Allah ya wanke shi. Ta ɗauka za a zage ta. Ya Falmata ta tashi ta wanke tukunyar tas, ta ɗora mata a ka, ta haɗa mata da ludayi.

Asabar da hantsi muka isa, ni da babbar riga, Kofur da wani abokin aikinsa cikin kayan gida. An kafa rumfa ta toshe layi, an shimfiɗa tabarmi, an yanka sa. Dillalai sun cika gefe ɗaya, dattawan layi gefe ɗaya, Goni Modu a tsakiya da malamai. Alhaji Gana ya ƙara ƙiba a kudu, ya sha shadda fara yana zagayawa ana yi masa barka, wannan ya ce wushe, wato sannu da Barbarci, wancan ya ce Allah ya tsare gaba. Aka ajiye mini kwano shaƙe da nama. Duk wanda ya san ni ya san ba na wasa da nama, amma na dubi kwanon nan na tuna a tukunyar da aka dafa shi, sai raina ya ɓaci, na kasa kai hannu.

Na jira aka idar da karatu, don ba a katse Alƙur'ani saboda takarda. Goni ya ɗaga hannu zai fara addu'a, sai na miƙe na yi sallama, na ce a gafarce ni, ina da saƙon kotu ga Alhaji Gana. Na fito da takardar.

Ban taɓa ganin wanda ya yi murna da ganin takardar kamu ba sai shi. Ya tafa hannu, ya juya wajen jama'a don kowa ya ji. Ya ce, "Baba Sule, sannu da ƙoƙari! Zauna ka ci nama, ka makara. Ku ba ku san doka ba a garin nan. Wata biyu ne daga ranar da abin ya faru, kuma ya cika. Ni da kaina na ƙirga, har na ƙara kwanaki a kai don kada a yi gardama."

Dillalai suka yi dariya. Na buɗe baki zan karanta masa abin da lauya ta koya mini, na yi ta bitarsa a hanya. Ban samu dama ba. Goni Modu, hannunsa har yanzu a sama, ya juyo a hankali ya ce, "Alhaji, wane abu ne ya faru?"

Alhaji ya ce, "Na'am, Goni?"

Ya ce, "Ka ce ka ƙirga daga ranar da abin ya faru. A ɗakina ka dafa Alƙur'ani ka ce babu abin da ya faru. To, daga me ka ƙirga?"

Dariya ta ɗauke. Alhaji ya dubi dillalai, kowa ya samu abin kallo a cikin kwanonsa. Ya fara cewa ai nufinsa, ai abin da yake nufi, sai Kofur Yohanna ya dafa kafaɗarsa ya ce ya ajiye nufin, akwai inda za a tambaye shi. Goni ya sauke hannunsa bai shafa ba. Ya laluba sandarsa ya miƙe, ya ratsa tabarmi ya fita, malamai suka bi bayansa.

Shari'ar ta ɗauki lokaci a babbar kotu, an ɗaga ta har na gaji da ƙirgawa. Takardar likita ta yi aikinta, lauyar nan mai gilashi ta yi nata, a ƙarshe aka ɗaure shi. Goni ya zo ya ba da shaidar abin da ya ji da kunnensa, kuma ban kai masa sammaci ba, da ƙafarsa ya zo.

Amma a ranar walimar, da muka fito da Alhaji za mu tari mota, hanyarmu ta bi ta layin Ya Falmata. Na hango Goni tsaye a ƙofar gidanta, shi da ake zuwa gaishe shi ba ya zuwa gidan kowa. Na ce wa Kofur su yi gaba, zan same su. Ya Falmata ta fito ta tsaya a bakin zaure, ba ta durƙusa ba, ba ta gaishe shi ba.

Goni ya ce, "Falmata, ba wajenki na zo ba. Ki ce wa Bintu Goni ne a ƙofa. Ki ce mata ita ce ta faɗi gaskiya, ni ne na ƙi ji."

Ya Falmata ta ce, "Ba ta fitowa, Goni."

Ya ce, "Zan jira."

Ya jingina da bango a cikin ranar nan, tsoho da sanda. Mutanen layi suka fara taruwa nesa-nesa. Ya Falmata ta shiga ciki ta daɗe. Can sai labulen zaure ya motsa, yarinyar ta fito tana kare ido da hannu, don ta kwana biyu ba ta ga rana ba.